HASASHEN DAMANA DA LISSAFIN RANI
Jawabin malamin dabbobi ga makiyaya da manoma masu bisashe na ƙasar Ɗan Issa

  

Maganarmu ta yau ta ruwa ce da ciyawa. Kowace shekara labari iri biyu ne ke zo ma makiyayi. Na farko yana zuwa cikin bazara, ta rediyo, ana ce mashi hasashen damana. Na biyu yana zuwa da kaka, shi ko ba a rediyo yake ba, yana cikin tabki da rijiya da daji, kowa na iya ganin shi da idonshi. Da yawa cikinmu muna sa kunne ga na farko, mu yi ta gardama kanshi a kasuwa, na biyun kuwa mu wuce shi ba mu auna ba. Abin da na zo in faɗa maku shi ne: ku ji na bazara, ku yi shiri da shi, amma babban hukunci kan garke da kaka ake yanke shi. Gani ya kori ji.

1. Inda ake auna ruwa tun yana bisa dutsi

Akwai ƙasashe masu fari kamar tamu, amma su suna da manyan duwatsu. A Maroko, da kuma jihar Kaliforniya ta Amurka, ruwan lokacin sanyi yana sauka bisa duwatsu a daskare, fari fat kamar gari. Shi ake kira dusar ƙanƙara. Tana tarawa wata da watanni, sai zafi ya shigo ta narke sannu-sannu, ta gangaro ta cika gulabe. Ke nan dutsin ya zama rumbun ruwa. A Kaliforniya, wajen kashi 30 cikin ɗari na ruwan da suke amfani da shi daga nan yake fitowa. Saboda haka kowace shekara, wajen 1 ga watan Afrilu, ma'aikata ke hawa su soka bututu cikin ƙanƙarar, su ciro, su auna nauyinta, su san yawan ruwan da za ya sauko. A 2015 da suka auna, kashi 5 cikin ɗari kawai suka iske na abin da aka saba. Nan take hukuma ta ba da umurnin a rage ɓarnar ruwa, tun rani bai yi nisa ba.

Ku lura da dabarar: sun auna rumbu tun yana cike, ba su jira ya ƙare ba. Mu ba mu da ƙanƙara. Namu ruwan yana zuba cikin wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sannan sama ta rufe har wata takwas. Amma muna da rumbuna huɗu da damana ke cika muna: gulbi, tabki, ruwan ƙarƙashin ƙasa, da ciyawa. Ranar awonmu ita ce ƙarshen Oktoba.

2. Mine ne hasashen damana?

Wasu na cewa wannan shiga gaibu ne. A'a. Sanin gaibu sai Allah, kuma masu wannan aiki ba su ce sun sani ba. Alama suke dubawa, kamar yadda kakanninmu ke duban zuwan shamuwa, da kaɗewar ganyen gawo, da juyawar iska daga gabas ta koma kudu maso yamma. Bambancin kawai, su alamarsu tana cikin teku. Ruwan da ke zuba a Ɗan Issa, iskar bazara ce ke ɗauko damshinshi daga tekun Atlantika, ta ratso Najeriya da shi. In ruwan tekun da ke kudu da mu ya yi ɗumi fiye da kima, hadari yakan tsaya can bakin teku, mu nan mu samu kaɗan. In tsakiyar tekun Pasifik ya yi zafi, abin da ake kira El Ninyo, sau da yawa damanar Sahel takan raunana. In tekun Bahar Rum da ke arewa ya yi ɗumi, yakan ƙara muna ruwa. Ana auna zafin waɗannan tekuna da jiragen ruwa da tauraron ɗan Adam, a gwada da na shekarun baya.

Bayan farin 1973 ne ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma ke taruwa kowace shekara kafin damana su fitar da hasashe guda. Yanzu wajen ƙarshen Afrilu ake wannan taro, daga nan ma'aikatar yanayi ta ƙasa, wadda muke ce ma meteyo, ta fitar da na Nijar yanki-yanki. Abu biyar suke faɗi: yawan ruwa, lokacin faɗuwar damana, lokacin ɗaukewarta, tsawon tsayawar ruwa a farko da ƙarshe, da cikar gulabe.

To ga inda ake yawan kuskuren fahimta. Sun ɗauki damana 30, daga 1991 zuwa 2020, sun kasa su kashi uku: goma masu ruwa da yawa, goma matsakaita, goma masu ƙarancin ruwa. Hasashe yana faɗin wane kashi ne bana ta fi karkata gare shi. Misali, a zuba goro goma cikin ƙwarya, biyar farare, uku jajaye, biyu daushe, a rufe, a ce ka sa hannu ka ɗauko ɗaya. Mai hankali za ya ce fari ya fi kusa. Amma daushen nan biyu suna ciki, kuma wata rana su za ka ciro. In rediyo ta ce bana ana sa ran ruwa da yawa, ma'anarta ke nan: farin goro ya fi yawa cikin ƙwarya. Ba alkawari ba ne.

Abu na biyu, hasashen na babban yanki ne, ba na gonarka ba. Kun sani sarai ana yin ruwa a wannan gari, maƙwabcinshi ko ɗigo. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Abu na uku, yawan ruwa daban, kyawon ciyawa daban. Ana iya samun milimita 600 a shekara, amma in ruwan farko ya tsirar da ciyawa sannan aka yi kwana 20 ba ruwa, tsiron ya ƙone, irin da ke ƙasa ya ragu, daji sai ya tashi da garmani wanda bisa ba ta ci. Don haka makiyayi, in ana karanta hasashe, ya fi sa kunne ga maganar tsayawar ruwa da lokacin faɗuwar damana, fiye da jimillar milimita.

Duk da haka kada a raina shi. A watan Afrilu na 2024, taron da aka yi a Abuja ya ce ana sa ran ruwa fiye da yadda aka saba a Sahel, tare da haɗarin ambaliya. Kun ga abin da ya biyo baya: ambaliya ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, gidaje sun faɗi, bisashe sun tafi. Wanda ya ji ya ɗauke garkenshi daga kwari tun da wuri, ya tsira da abinshi.

3. Abin yi in an ji hasashe

In an ce damana za ta makara, ko za a yi dogon tsayawa a farko: kada ku ƙarar da harawa da dusa don kun ga hadarin farko. Ba a zubar da ruwan randa don an hangi hadari. Ku raba abin da ya rage ya kai ku ƙarshen Yuni, ko ma tsakiyar Yuli. Masu tafiya arewa, kada ku kora garke kan labarin ruwa guda. A aika yaro ko a buga waya, a tabbata ciyawa ta kama ƙasa kuma tabkunan hanya sun ɗauki ruwa. Bisashe da yawa ba tsakiyar rani suke mutuwa ba, a ƙofar damana suke faɗuwa. A 2010 an ga haka: shanun da suka jure yunwa har Yuni, ruwan farko da sanyinshi ya kada su, wasu kuma ambaliya ta kwashe don ba su da ƙarfin tashi. Ramammiyar saniya a sama mata rumfa, a ba ta busasshen abinci da safe kafin ta fita ga ɗanyar ciyawa, don gudun zawo da kumburin ciki.

In an ce ruwa za ya yi yawa: a tada garke da rumbu daga fadama da bakin gulbi, a koma tudu. A yi allurar harbin daji da ta saifa tun kafin ruwa ya zauna. A tanadi maganin tsutsar ciki da na hanta, don tabki mai daɗewa shi ke tara katantanwar da ke ɗauke da tsutsar hanta. A riƙa duba kofaton tumaki da awaki, laka tana ruɓar da shi. Kuma a kula da sauro. A 2016, cutar da ake kira zazzaɓin Rift ta ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara, ta kashe bisashe da mutane fiye da 30. Alamarta ita ce ɓari da yawa lokaci guda, da mutuwar ƴan raguna da ƴan awaki. In kun ga haka, kada a taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara, kada a sha madara ba a dafa ba, kada a yanka marar lafiya a ci, a zo a faɗa muna ranar nan.

Hasashe kuma ba a jin shi sau ɗaya a rufe kunne. Cikin damana meteyo na fitar da bayani duk kwana goma, rediyo na karanta milimitan da aka samu gari-gari. Milimita ɗaya, ma'anarta litar ruwa ɗaya bisa fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi.

4. Gulbinmu daga kudu yake zuwa

Mu mutanen iyaka muna da wani abu na daban. Gulbin Maraɗi ba ruwan samanmu kaɗai ke cika shi ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, can ana ce mashi Gada, ya shigo ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Tun 1989 akwai madatsar ruwa a kanshi a Jibiya, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 142. A 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan da suka haɗa, wannan gulbi na ciki. Amma abin da ya shafe ka kai mai garke shi ne: ana iya yin damana mai kyau a nan gulbi bai cika ba, ana kuma iya wayi gari ya kawo ruwa alhali sama tas take. Kada a kwana da bisashe cikin gulbi da damana, ko da ya bushe. Kuma ku riƙa tambayar ƴan uwa na Jibiya da Katsina labarin ruwansu. Ma'aikatar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da nata hasashen tun farkon shekara, har da na jihar Katsina. Wanda ya ji duka biyun ya fi wanda ya ji ɗaya.

Rijiyoyin fadama daga gulbi suke sha. Shekarar da ya yi gudu sosai ya daɗe, rairayin ƙasanshi ya ƙoshi, rijiya takan kai bazara. Can wajen iyaka kuwa, inda dutsi ke kusa da sama, ruwan ƙasa kaɗan ne, cikin tsagar dutsi yake ɓoye, shi ya sa wata rijiyar ke ƙafewa tun sanyi bai fita ba. Kowa ya san irin ƙasar da rijiyarshi take.

5. Awon kaka: aiki huɗu

Mu ma'aikatan kiwo, ƙarshen kowace damana muna shiga daji mu yanki ciyawar fili mita ɗaya a wurare da dama, mu shanya, mu auna, a gwada da hoton tauraron ɗan Adam, a fitar da lissafin ciyawar ƙasa baki ɗaya. Cikin abin da ya tsiro, wajen kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafawa bisa za ta ci. Sauran na gara ne da iska da tattaki da gobara. Bayan damanar 2009, lissafin ya nuna giɓin tan miliyan 16 na busasshiyar ciyawa. An san wannan tun da kaka. Mutuwar bisashe kuwa sai bazarar 2010 ta zo. Tsakani akwai wata shidda da mutum ke iya yin wani abu. To kai ma ka yi naka awon, ba ka bukatar tauraro.

Na ɗaya, tabki. Ka kafa sanda mai ƙarfi inda ruwa ke da zurfi. Kowace Juma'a ka yi mata tsaga daidai bakin ruwa. Misali, ƙarshen Oktoba zurfin ya kai santimita 120, kuma duk mako yana sauka santimita 10. Ke nan mako 12, wato ƙarshen Janairu. Ka cire mako biyu ko uku, don na ƙarshen laka ce da fitsari, ba ta shayuwa, nan ne ma raunanan shanu ke kafewa. Ka tuna kuma saukar tana ƙara sauri in baƙin garkuna sun iso, kuma da bazara rana da iska kaɗai na ɗauke kusan santimita ɗaya a wuni.

Na biyu, rijiya. Ka ƙulla alama ga igiyar wasaki daidai inda ta taɓa ruwa da asuba, kafin a fara ja. Duk wata ka sake gwadawa. Ka lura kuma da lokacin da take ɗauka ta maido ruwa bayan shayarwar safe. In ta fara kai azahar ba ta maido ba tun cikin Janairu, to ba za ta kai ku Mayu ba. A yi yasa tun da sanyi, a zauna da mai gari da ardo a tsara layin shayarwa tun ba a fara faɗa bakin rijiya ba.

Na uku, bukatar garke. Babbar saniya mai kilo 250 tana shan lita 25 zuwa 30 a wuni, da zafi har 40. Tunkiya ko akuya lita 4 zuwa 5. Mai shanu goma, ke nan lita 300, tano ɗaya da rabi kullum, ban da na gida. Abinci kuma, saniyar nan tana bukatar busasshen abinci kilo 6 da ɗan ɗori a wuni. Daga Nuwamba zuwa Yuni, wata takwas, kilo 1500 ke nan ga kai ɗaya. Tumaki ko awaki shidda zuwa bakwai suna cin na saniya ɗaya. Ka auna dami ɗaya na kara, ɗaya na harawa, ka ƙirga damunanka, ka ga kwana nawa za su kai ka.

Na huɗu, daji. Ka zaga inda ka saba kiwo, burtali da makiyaya, har wajen dajin Baban Rafi ga masu zuwa can. Kada ka dubi tsawon ciyawa kaɗai, ka dubi irinta. Ƙarangiya da kyasuwa da gadagi da gamba abinci ne. Garmani kore ne ga ido, banza ne ga ciki.

6. Hukunci

In awo ya nuna abinci da ruwa za su kai, alhamdu lillahi. Sai a kiyaye su: a ɗauke kara daga gona da wuri a ɗora bisa rumfa, harawa a inuwa don rana na cinye amfaninta, a tara ƴaƴan gawo, a share hanyar tare gobara.

In ba za su kai ba, to a rage baki tun da kaka. Na san wannan magana tana da nauyi. Garke mutunci ne, gadon iyaye ne, kuma ba wanda ke son a ce ya sayar. Amma dattawan da suka ga 1984, shekarar El-Buhari, da waɗanda suka ga 2005 da 2010, sun san yadda kasuwa ke juyawa: da kaka bisa na da nama, hatsi da dusa na da sauƙi. Da bazara bisa ta rame, kowa ya kawo tashi, kuɗinta ya faɗi, buhu kuma ya hau. San da za ya sayi buhuna da yawa a Nuwamba, a Mayu wani lokaci ko mahauci ba ya taya shi. A fara da tsofaffin shanu da haƙori ya ƙare, da juya, da mazan da ba na aiki ba ne ba na barbara ba. A riƙe karsana da masu ciki da masu tatsa da shanun huɗa. Kuɗin a maida su dusa da angurya da gishiri da hatsin gida nan take, kada a ajiye su aljihu, buki na nan yana jira.

Masu turkar rago, ku duba kalanda. Layyar 2024 da ta 2025 cikin Yuni suka faɗo, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana 11. Ke nan cikin waɗannan shekaru, ƙarshen turka yana haɗuwa da lokacin da abinci da ruwa suka fi tsada. Wanda bai tanadi harawa da kaka ba, ribarshi mai dusa ne za ya ci.

Da can, in shekara ta ɓaci, sai a kora kudu. Yanzu kun fi ni sanin halin da dajin iyaka ke ciki da satar shanu. Ƙofar da aka saba fita ta ƙuntata, shi ya sa lissafin gida ya zama dole. Mai niyyar tafiya, ya yi allurar ciwon huhu ga shanu da ta annobar awaki da tumaki lokacin kamfen, ya riƙe takardarshi, ya nemi labarin hanya. Manoma kuma, mu jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, kada a toshe burtali, kada a shuke hanyar zuwa tabki. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar ma makiyayi haƙƙin tafiya da na kaiwa ga ruwa, shi kuma wajibi ne ya tsare bisashenshi daga amfanin gona.

Jama'a, roƙona guda ne. Kowane gari da kowace rugga a samu mutum biyu, ɗaya ya riƙe sandar tabki, ɗaya igiyar rijiya, yaron lakwal ya rubuta masu cikin kaye. Farkon Nuwamba ku kawo muna abin da kuka gani, mu kuma mu kawo lissafin ciyawa na jiha, mu zauna mu haɗa. Mai tambaya, ƙofar ma'aikatar kiwo a buɗe take.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare muna dukiyarmu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.